Kaza Marar Gashi: Daga Tandun Masar zuwa Tsohon Firigona

Ran da na gaya ma kakata cewa ina haɗa akwatin da zai ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da kaza ba, ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi. Cewa ta yi: "Kai dai mai gida, boko ya gama da kai. Mi kaza ta yi maka da za ka amshe mata aiki?" Na yi dariya, don a lokacin gani nake wani sabon abu na ɗauko wanda duniya ba ta daɗe da sani ba. Ina da tsohon firigo da na saya wajen masu gwangwan a Maraɗi, da katin Arduino, da ɗan ma'aunin zafi da laima mai suna DHT22, da rele, da fankar wata matacciyar kwamfuta, da ampul biyu na fitilar mota. Na zuba ƙwan kaji 30 a farkon Afrilu. Bayan kwana 21 tsaki 4 suka fito, ɗaya ma bai kwana ba. Sauran duk baragurbi, da warin da ya sa abokin ɗakina ya yi kwana biyu yana kwana waje.

Haushin wannan asara ne ya sa na koma karatu, ina neman inda na kuskure. Can na tarar da cewa abin da nake taƙama da shi ya girmi kakan kakata da shekaru fiye da dubu biyu, kuma kuskuren da na yi, mutanen da ba su taɓa ganin wayar lantarki ba sun san yadda ake kauce masa.

Mu fara da abin da ƙwai ke buƙata, don duk tarihin a kansa yake juyawa. Ƙwan kaza na so ya zauna cikin zafi wajen digiri 37,5 zuwa 38 har kwana 21. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28. Yana son laima daidai, don ruwan cikinsa ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan ta ƙofofin ɓawo, iska ta samu wuri a gefen da ya fi faɗi. Yana son a riƙa juya shi sau da yawa a yini don kada ɗan tayin ya manne ma ɓawo, sai kwana ukun ƙarshe a ƙyale shi. Yana kuma shaƙar iska. Zafi kuwa ba shi da wuyar samu, kowa na iya hura wuta. Wuyar ita ce a san iyakar zafin, a kuma tsare shi dare da rana har sati uku ba gyangyaɗi.

Masarawa ne suka fara shahara da wannan aiki. Aristot, masanin nan na Girka da ya rayu ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa a Masar ana binne ƙwai cikin taki ya ƙyanƙyashe. Wani marubucin tarihi, Diyodor na Sisili, ya zo bayansa da wajen shekara 300, ya yi mamakin yadda masu kiwon kaji da dinya na Masar ke fitar da tsaki ba adadi da dabarar hannunsu, ba su jiran uwa ta yi kwanci. Amma wanda ya shiga ya duba da idon likita shi ne Abdullaɗif al-Bagadadi, wanda ya zauna Alƙahira wajen shekara ta 1200, ya kuma bayyana aikin filla-filla cikin littafinsa al-Ifada wal-I'itibar.

Gidan ƙyanƙyasar, wanda suke ce ma ma'amal, ginin tubalin ƙasa ne mai kauri. Akwai lungu a tsakiya, ɗakuna ƙanana a dama da hagu, kowane ɗaki hawa biyu. A ƙasa ake shimfiɗa tabarma a jera ƙwai dubbai. A sama ake hura wutar busasshen kashin dabbobi da ƙaiƙayi, wuta marar harshe mai ci a hankali, zafinta na sauka ta wata kafa da ke tsakanin hawan biyu. Mai aikin a ciki yake kwana. Yana rarrafawa yana juya ƙwai da hannu, na tsakiya ya mai da shi gefe, na gefe ya dawo da shi tsakiya, yana toshe kafofin iska ko ya buɗe su. Bayan ƴan kwanaki yana ɗaga kowane ƙwai gaban fitila ya fid da wanda ba ɗa a ciki. Idan kwanaki suka yi nisa sai a rage wuta har a kashe ta, saboda ƴan tayin sun girma, su ma jikinsu na ba da zafi, ginin kuma ya riga ya sha ɗumi.

To da mi yake auna zafin? Da fatar ido. Ya ɗauki ƙwai ya ɗora bisa idonsa a rufe, ya ji. Al-Bagadadi ya ce wannan aikin suna kiran shi ɗanɗano. Wurin nan na daɗe ina tunani a kai, don bambancin da ke tsakanin zafin da ke raya tsako da wanda ke dafa shi bai wuce digiri biyu ko uku ba, ga shi mutum na gane shi da fatar da ta fi kowace laushi a jikinsa. Ba abu ne da ake koyo cikin littafi ba. Shi ya sa sana'ar ta zama gado, aka san mutanen wani gari, Barma, cikin yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, da cewa su ne gwanayenta. Ana ɗaukar su aiki a ko'ina cikin ƙasar, uba ya koya ma ɗa, ba su faɗa ma bare.

Wani Baturen Ingila, Edward Lane, wanda ya wallafa littafi kan zaman Masarawa a 1836, ya kawo lissafin hukuma na 1831: gidajen ƙyanƙyasa fiye da 160, tsaki fiye da miliyan 17 a shekara, wato wajen biyu cikin kowane ƙwai uku sun fito. Ya ce manomi na kawo ƙwansa, mai ma'amal ya ba shi tsako ɗaya a madadin kowane ƙwai biyu, abin da ya ƙaru a kai shi ne ladarsa. Ya kuma faɗi wani abu da na karanta sau biyu kafin ya shige ni: aikin wata biyu ko uku kawai ake yin shi a shekara, bayan sanyi ya fara sauka, kafin zafi ya kankama. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Turawa sun yi ƙarnuka suna jin labarin tandun Masar daga bakin matafiya, suna kwaɗayi. Abin da ya hana su shi ne ba su da mutanen Barma. Saboda haka suka bi wata hanya: a cire awon daga jikin mutum a sa shi cikin ƙarfe da gilashi.

Na farko da ya kamata a ambata shi ne Cornelis Drebbel, mutumin Holan da ya yi aiki a Landan, wanda aka fi sani da jirgin da ya ƙera mai nutsewa cikin kogin Tamiz wajen 1620. Ya haɗa wani akwatin ƙyanƙyasa mai wuta a ƙasa. A ciki ya sa kwalba mai alkol, haɗe da lanƙwasasshen bututu mai zaiba. Zafi ya ƙaru, alkol ya kumbura ya tura zaiba, zaiba ta ɗaga wani ɗan sanda, sanda ya rufe ƙofar iskar da wuta ke sha, wuta ta lafa. Akwati ya huce, komai ya koma baya, ƙofa ta buɗe. Masu tarihin ƙere-ƙere na lissafa wannan cikin na'urorin farko da ke gyara kansu da kansu. Da na gane yadda yake aiki sai kunya ta kama ni, don layuka huɗun da na rubuta ma Arduino, "in zafi ya gaza kaza kunna, in ya wuce kaza kashe", su ne dai sandan Drebbel, bayan shekara 400.

Sai Reyomir, masanin Faransa da ya yi ma'aunin zafin da ke ɗauke da sunansa. A 1749 ya fitar da littafi kan yadda za a ƙyanƙyashe tsuntsayen gida a kowane lokaci na shekara. Ya gwada ganguna da ya binne cikin kashin doki mai ruɓa, ya gwada ɗumin da ke tashi bisa tandun gashin burodi. Ya yi asara mai yawa da farko, tururin takin na shiga yana kashe masa ƙwai, bai kuwa ɓoye ba. Babban abin da ya bari shi ne lamba. Ya ce zafin kwanci digiri 32 ne a ma'auninsa, wanda ya zo daidai da 40 a namu na yau. Lambar ta ɗan yi sama bisa ga abin da ake bi yanzu, amma daga ranar sirrin Barma ya zama abin da za a iya rubutawa a aika cikin wasiƙa. Abin da ya fi burge ni gare shi, ya tuna da talakan ƙauye da ba zai iya sayen ma'auni ba. Ya ce a narka man shanu da rabinsa na kitse a zuba a ƴar kwalba a aje cikin ƙwai: in ya tsinke kamar ruwa zafi ya yi yawa, in ya daskare ya yi kaɗan, in yana gudu da nauyi kamar zuma to an dace. Wannan kam da kakata ta ji shi da ta yarda da Reyomir.

Daga nan abin ya yi sauri. A 1879 Lyman Byce ya fara ƙera akwatunan ƙyanƙyasa a Petaluma ta Kaliforniya, garin ya cika da kaji har ya yi suna a duniya da ƙwai. A 1881 Charles Hearson na Landan ya yi rajistar wata dabara: ɗan gwangwani shafaffe, a rufe ruf, da wani ruwa a ciki mai tafasa daidai zafin da ake so. Ya tafasa, gwangwanin ya kumbura ya ɗaga murfin bututun fitilar kalanzir, zafi ya fice waje. Da wannan mai gona zai iya barci. A shekarun 1920 lantarki da fanka suka shigo, aka yi manyan akwatuna masu cin ƙwai dubbai.

Akwai wani reshe na labarin da ba na iya tsallakewa. Wani likitan haihuwa na Pari, Stéphane Tarnier, ya ga akwatin ƙyanƙyasar kaji a gidan namun daji na birnin, ya sa mai ƙera shi, Odile Martin, ya yi masa irinsa wanda zai ɗauki jariri. Wajen 1880 aka fara sa bakwaini a ciki a gidan haihuwa na Pari. Shi ya sa har yau da Faransanci suna ɗaya ne, kubez, ko ta kaza ko ta ɗan Adam. Duk wanda aka taɓa sa ƙanensa cikin kwalba a matarnite, to ya san jikar wannan akwati.

Ita ma kazar an canza ta. Tunda inji ya amshi kwanci, masu kiwo suka riƙa zaɓen kajin da ba su tsayawa kwanci, don kazar da ta kwanta ta daina saka ƙwai. Yau kajin gona masu ƙwai, irin waɗanda ake kawo mana tsakinsu cikin kwali ƴan kwana ɗaya, galibinsu ba su san kwanci ba sam. In babu inji, iri ya ƙare. Tambayar kakata ke nan, mi kaza ta yi maka, ashe tana da amsa mai tsawo.

Mu a nan ba mu gina tandu ba, amma ba a ce ba mu da dabara ba. Zabuwa uwa ce marar kirki: ta tafi daji ta saka ƙwai cikin ciyawa da damina, sau da yawa ita da ƴan uwanta a gurbi guda, in ta ƙyanƙyashe ta ja ɗiyan cikin raɓa su mutu. Sai matan ƙauye suka ɗauki kazar gida suka mai da ita injinsu. A bi zabuwa a gano gurbi, a kwashe, a sa ma kaza mai kwanci goma sha wani abu, ta zauna sati huɗu a maimakon uku, ta kuma yi renon ɗiyan da ba nata ba. Iyakar dabarar ita ce faɗin fiffiken kaza, da kuma samun mai kwanci a daidai lokacin da zabi ke zuba ƙwai. Ragowar sai a dafa a kai tasha. Wannan giɓin ne na so in cike da firigona.

Arduino kuwa a 2005 aka yi shi, a garin Ivrea na Italiya, don ɗaliban zane da ba su karanci lantarki ba su iya haɗa ƴan na'urori. Arha gare shi, kuma duk tsarin a buɗe yake, kowa na iya kwafa. Na kwafi purogaram ɗina daga wajen wani da ke zaune ƙasar sanyi, na canza lambobi kawai. Ban tsaya na tambayi kaina ba: shi wannan mutum, mi yake tsoro? Sanyi yake tsoro. Duk injinan da na lissafa, daga Drebbel har Hearson, an yi su ne a ƙasashen da ɗaki ya fi ƙwai sanyi kullum. Aikinsu su ƙara zafi, in ya isa su daina. Ni kuwa na aje nawa cikin ɗakin kwano, a Maraɗi, a watan Afrilu, inda da azahar ko a inuwa ana wuce 40. Wata rana na dawo daga aji na tarar allon na nuna 41,6. Ampul a kashe, rele a kashe, Arduino ya yi duk abin da na ce ya yi, ba abin da ya rage masa. Sanyi na ɗan lokaci jinkirta tsako yake yi, kaza ma na tashi ta je ta ci ta sha ta dawo. Zafin da ya wuce 40 da rabi na awoyi kuwa kisa ne. Kwana nawa aka yi haka ina aji? Allah kaɗai ya sani. Masarawa da katangarsu mai kauri, da daina aikinsu kafin tsakiyar zafi, sun riga sun amsa wannan tun tuni.

Na kuma gano abu na biyu. Na sayi ma'aunin zazzaɓi a farmasi na aje kusa da DHT22 ɗina, sai ga shi ɗan ma'aunin nawa na rage fiye da rabin digiri. Lambar da ke haske bisa allo, mai waƙafi da komai, na ɗauke ta gaskiya don kawai lamba ce.

Da hutu ya zo, cikin Yuli, na ɗora firigon bisa mota zuwa ƙauyenmu wajen Gidan Rumji. Na sa shi cikin tsohuwar shigifar kakata, ginin ƙasa, kusa da randa. Na gyara lambobin bisa ma'aunin farmasi, na ƙara ma purogaram umarnin ya tada fanka ta biyu ya fid da iska in zafi ya haura 38,3, na haɗa injin share gilashin mota da ke karkata tiren ƙwai duk bayan awa uku. Wuta daga panno guda da batir. Da ƙyar na shawo kanta ta ba ni ƙwan zabi 40, waɗanda da ranar kasuwa za ta sayar ta sayi gishiri da sabulu da ɗan goronta. Ta ƙirga su sau biyu a gabana. Ta ce: "In sunka lalace, kai ka biya, ba ruwana da Turancinka." A ranar ta sa ma wata jar kazarta 13, wai mu gani.

Kwana 19 komai lafiya. A na 7 da na 14 mun haska su da tocila cikin duhu, muka fid da 6 da ba komai ciki. Ita ce ma ta fi ni saurin gane su, tana ɗagawa tana cewa wanga ruwa ne. Sai aka yi kwana biyu hadari bai buɗe ba, panno bai sha rana ba. Wajen ƙarfe biyun dare na farka na ga allon ya mutu. Batir ya ƙare.

Na tsaya riƙe da tocila, ba abin da ya zo mani sai Reyomir da mutanen Barma. Na tada ta. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki. Ta hura wuta, muka ɗumama ruwa muka cika buta biyu da wani galan, muka naɗe su da tsumma muka sa a ƙasan firigon. Ni ina duba ma'aunin farmasi, ita kuwa ta ɗauki ƙwai ta kanga a kumatu, ta ce da saura, ko ta ce ya isa haka, cire guda. Na gaya mata Masarawa bisa ido suke ɗorawa. Ta gwada, ta ce lalle ido ya fi ji, amma su Masarawan ba su sa kwalli ne? Sau uku muka canza ruwa kafin asuba. Duk lokacin da na auna bayan ta yanke hukunci, ba ta taɓa kaucewa da abin da ya kai digiri guda ba. Da hannu muka juya ƙwan ran nan da washegari, har rana ta fito batir ya farfaɗo.

A kwana na 26 da yamma muka ji ƙwanƙwasa ta farko. Zuwa na 28 tsakin zabi 23 sun fito sun bushe, masu zane a ka da jajayen ƙafafu. Cikin 40 ke nan. In aka bi lissafin da Lane ya kawo, ban kai ma'amal ɗin 1831 ba. Jar kaza kuwa ta fito da 11 cikin 13, ba panno ba batir, tana ta hura hanci a tsakar gida.

Da muka zo rabo na ce mata a bi ƙa'idar Masar: tsako ɗaya kan ƙwai biyu, nata 20, nawa 3. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Sannan ta ce a Masar ɗin, mai ƙwai ne ke tashi da tsakar dare ya hura ma mai tandu wuta? Na ce a'a. Ta ce to itacenta da barcinta sun ci biyu. Ɗaya ta bar mani, shi ma ta ce sai ya yi gashi za a san ko zabo ne ko zabuwa, kuma in zabuwa ce ƙwan farko nata ne.